Tsakar nan mai launin bulu ta dajin Kimboza: ina take zaune, me ya tsare ta a wuri ɗaya?

Wani ƙanena ɗalibi ne ya turo min hoton wata 'yar tsaka mai launin bulu, tana kwance a kan dogon ganye, ya haɗo da tambaya: "Malam don Allah wannan hoton gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne? An rubuta a ƙasansa wai daji ɗaya tak ake samunta a duk duniya. In haka ne ina ne wurin, kuma me ya hana ta bazuwa kamar tsakar gidajenmu da duk inda ka je sai ka ganta? Sannan mutum zai iya samu ya kiwata a nan?"

Toh ƙanena, hoton gaskiya ne, ba wanda ya yi mata fenti, haka Allah ya halicce ta. Sunanta a wurin masana Lygodactylus williamsi, kuma a ƙasar Tanzaniya take, a jihar Morogoro, a gindin duwatsun Uluguru ta ɓangaren gabas. Maganar "daji ɗaya tak" kuma ta kusa gaskiya amma da ɗan gyara, bari in bi maka abin a hankali don wannan tambayar ta inda dabba take zaune da iyakar inda ta kai ita ce aikin da na fi daɗewa a kai, kuma wannan tsakar tana cikin misalan da na fi so in ba ɗalibai.

Da farko ita kanta dabbar. Ƙarama ce sosai, hoto ne yake sa ta yi girma a ido, daga hanci har ƙarshen jela da ƙyar take wuce santimita 8, wato kusan tsawon yatsanka na tsakiya, kuma kusan rabin wannan tsawon jela ce. Bulun nan da ka gani namiji ne, kuma ba kowane namiji ba, sai wanda ya isa ya mallaki wurinsa. Yana da baƙin zane da ya taso daga hanci ya bi ta ido, maƙoshinsa baƙi, cikinsa ruwan goro. Macen kuwa ba bulu ba ce, tana tsakanin kore da ruwan ƙasa mai ɗan ƙyalli kamar tagulla, kuma ƙananan mazan da babba ya danne su ma haka suke zama da kalar mata, shi ya sa masu ƙirga su a daji ba sa dogara da kala kaɗai. In namijin ya tsorata ko sanyi ya kama shi sai ka ga bulun ya dushe ya yi duhu. Bambancinta na biyu da tsakar gida shine ita da rana take harkarta, ba da dare ba, ka duba ƙwayar idonta a hoton zaka ga zagayayya ce, ta gida kuwa ƙwayar idonta tsaga ce a tsaye irin ta mage saboda aikin dare. Sannan akwai wani abu da duk danginta suke da shi, a ƙarshen jelarsu ta ƙasa akwai ɗan faifai mai kama abu irin na tafin yatsunsu, sai jelar ta zama kamar ƙafa ta biyar. Wannan yana da amfani ga dabbar da rayuwarta duk a kan ganye mai santsi take.

Wanda ya fara bayyana ta a rubuce wani Bature ne ɗan Birtaniya, Arthur Loveridge, a 1952, lokacin ƙasar tana Tanganyika a hannun Turawan Ingila. Daga nan aka yi shekaru hamsin da wani abu ba wanda ya damu da ita in ba 'yan masana ba.

Yanzu ga batun wurin. Babban mazauninta shine gandun dajin Kimboza, sai wani gandun da ke kusa da shi mai suna Ruvu, sai wasu 'yan guntayen kurmi guda biyu a tsakiyar gonaki, Mbagalala da Muhalama, waɗanda abin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Shikenan, duk duniya. Ba ta hawa can saman dutse, duk da cewa Uluguru ya haura mita 2,600, ita a ƙasa-ƙasa take, tsakanin mita 170 zuwa 480 daga matakin teku, inda ake zafi da laima.

Mu a wannan fannin hanya biyu muke auna yankin dabba, kuma yana da kyau ka riƙe bambancin don mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Ta farko, ka ɗauki taswira ka sa ɗigo a duk inda aka taɓa ganinta, sai ka zagaye ɗigogin gaba ɗaya da zare, filin da ke cikin zaren shine awo na farko. Na wannan tsakar ya kama murabba'in kilomita 20. Amma cikin zaren nan ai akwai gonakin masara da ƙauyuka da hanya da wuraren da ba ta taka ba ko sau ɗaya, don haka sai a sake awo na biyu, na ainihin inda take zaune, shi kuma murabba'in kilomita 8 ne kacal. Ka ƙaddara fili mai tsawon kilomita 4 da faɗin kilomita 2, wanda mai ƙafa lafiya zai zagaye shi tsakanin hantsi da azahar.

To amma ko wannan lissafin ya yi mata yawa, kuma nan ne ainihin amsar tambayarka take. Wannan tsakar ba a cikin "daji" take zaune ba yadda kake tunani, ba zaka ganta a ƙasa tana bin busassun ganye ba, ba zaka ganta a jikin dutse ko kututturen kowace bishiya ba. Bishiya ɗaya tak ta sani, sunanta Pandanus rabaiensis, a kanta ake ƙyanƙyashe ta, a kanta take ci take sha, a kanta take aure take ƙwai take mutuwa. Kimboza gaba ɗayansa kimanin murabba'in kilomita 4 ne, kuma binciken da aka buga a 2012 ya nuna wannan bishiyar kashi 17.6 cikin 100 kawai ta rufe na dajin. In ka buga lissafi bai kai murabba'in kilomita 1 ba, kusan hekta 70, ka ce filin ƙwallo 100 in an jera su. A nan mafi yawan irin wannan halittar suke. Shi Ruvu ya fi Kimboza girma amma ya fi shi bushewa, bishiyar ba ta cika a cikinsa haka ba.

Bari in kwatanta maka bishiyar don in baka ganta a ranka ba ba zaka gane tsakar ba. Ka san kan abarba, ganyen nan dogaye masu ƙaya a gefe da suke fitowa daga wuri ɗaya suna zagaye? To ka ɗauki wannan ka ninka shi, kowane ganye ya wuce mita ɗaya, wani ya ninka haka, ka ɗora shi a kan dogon kututture, su ganyen kuma suna hawa ne a murɗe kamar zaren kusar da ake ɗaurewa da sukundireba. Daga ƙasa kuma saiwoyi ne suke fitowa daga jikin kututturen sama da ƙasa, su gangaro su soki laka ta ko'ina, sai ka ga kamar bishiya ta tsaya a kan sanduna. Tana son inda ruwa ke kwanciya, fadama-fadama, kuma a Kimboza ƙasan wurin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ruwa yake ci ya yi masa ramuka da kogo, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashi. Inda wannan dutsen da wannan ruwan suka haɗu nan bishiyar take yin cincirindo, da ka ɗan hau tudu inda ƙasa ta bushe sai ta ɓace, tsakar ma ta ɓace tare da ita.

Na samu zuwa wurin sau ɗaya, daga garin Morogoro aka ɗauke mu a mota muka yi kudu maso gabas, hanyar ma ta cikin dajin ta ratsa, kana fita daga gonaki da rana mai dukan kai kawai sai ka ji ka shiga inuwa da sanyin laima kamar an buɗe maka ƙofar wani ɗaki. Wani mutumin ƙauyen da ke gefen dajin ne ya yi mana jagora, ya kai mu gindin wata babba ya ce mu tsaya mu daina motsi. Abin da na fara koya shine ƙayar ganyen, na miƙa hannu zan ɗaga wani ganye ya tsaga min fata daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ƙayar tana gefe biyu har da tsakiyar bayan ganyen. Mun fi minti ashirin a tsaye ba komai, sai da rana ta sami ƙofa ta sauka a kan ganyen sama, sannan wani abu bulu ya fito daga can cikin gindin ganyen ya tsaya a hasken, ya ɗaga kai, ya lashi idonsa da harshe (tsaka ba ta da fatar ido da za ta ƙifta, da harshe take gogewa). Wallahi duk hotunan da na gani kafin nan ba su shirya ni ba, kalar kamar an kunna fitila. Wani daga cikinmu ya ɗaga kyamara, inuwar hannunsa kawai ta gifta, sai tsakar ta zame ta koma bayan ganyen, daga nan ta gangara cikin lungun da ganye ya haɗu da kututture, ba mu sake ganinta ba.

Wannan lungun shine komai nata. Duk inda gindin ganye ya rungumi kututture akwai ɗan kwarmi da yake tara ruwan sama da raɓa da ruɓaɓɓen ganye, to a nan take shan ruwa, a nan ƙananan ƙwari suke taruwa ta ci, tana kuma lasar zaƙin fure da na 'ya'yan itace in ta samu. In tsuntsu ko maciji ya zo, cikin lungun take shigewa, ƙayar ganye ta zame mata katanga. Macen a nan take manna ƙwanta, biyu take yi a lokaci ɗaya, masu tauri, ta liƙa su a jikin ganyen yadda iska ba za ta kaɗo su ba, bayan kamar wata biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe. Yawanci kan bishiya ɗaya namiji ɗaya ne da mace ɗaya zuwa uku da 'yan ƙanana, wani namijin in ya zo sai faɗa. Kuma ba kowace bishiyar suke zama ba, sai wadda ta girma ganyenta ya wuce mita ɗaya, ƙaramar ba ta da lungun da zai ishe su. Kaga kenan in kana son sanin yawansu, manyan bishiyoyin zaka ƙirga.

To me ya hana ta bazuwa? Ka fara duba tsakar gida. Ita ba ta da zaɓe, bangon ƙasa, bangon siminti, silin, bayan kalanda, duk ɗaya ne a wurinta, ƙwan lantarki yana tara mata ƙwari, tana jure bushewa, kuma tana shiga kaya a yi tafiya da ita. Akwai wata irinta ta nan Afirka, Hemidactylus mabouia, da ta bi jiragen ruwa ta tsallaka teku, yanzu tana Barazil da tsibiran Karebiyan har Florida a Amurka. Mutum duk inda ya gina gida ya gina mata ne. Ita kuwa ta Kimboza akasin haka ce, jikinta ƙarami ne, ƙaramin jiki kuma saurin bushewa yake, in ka raba ta da laimar lungun ganye ka ajiye ta a fili a rana ba za ta daɗe ba. Tsakanin wannan kurmin da wancan yanzu gonaki ne da ciyawa, gonar da kai zaka ratsa a minti goma ita a wurinta hamada ce, ga shaho a sama ga zafi a ƙasa.

Amma akwai wani abin lura da nake so ka riƙe, don kar ka ɗauka bishiyar ce kaɗai bayani. Ita bishiyar ta fi tsakar yaɗuwa, ana samunta a wasu wurare a gaɓar Tanzaniya da Kenya, sunanta ma daga Rabai aka samo shi, wani gari kusa da Mombasa. Amma a can babu wannan tsakar a kanta. Wato bishiyar sharaɗi ce, sai da ita, amma ba ta isa ba, sauran bayanin yana cikin tarihin duwatsun. Uluguru ɗaya ne daga cikin jerin tsofaffin duwatsu da suka taso daga tuddan Taita a Kenya suka bi ta Pare da Usambara da Nguru har Udzungwa a kudancin Tanzaniya. Iskar da ke tasowa daga tekun Indiya tana ɗauke da ruwa, in ta bugi gefen gabas na waɗannan duwatsun sai ta sauke shi, shi ya sa Kimboza yake samun ruwan sama kusan milimita 1,700 a shekara, a damina biyu, babba daga Maris zuwa Mayu da ƙarama wajen ƙarshen shekara. A zamunan da Afirka ta bushe kurmi ya ja baya a wurare da yawa, waɗannan duwatsun sun ci gaba da samun ruwansu, sai kowane dutse ya zama kamar tsibiri na kurmi a tsakiyar busasshiyar ƙasa, shekaru miliyoyi. Dabbar da ta maƙale a tsibiri ɗaya ba ta haɗuwa da 'yan uwanta na wani tsibirin, a hankali sai ta zama iri na daban wanda babu shi ko'ina. Shi ya sa yankin ya cika da irin waɗannan halittun, tsuntsaye da kwaɗi da hawainiya da furanni da kowannensu dutse ɗaya ya sani. Akwai wani ɗan kwaɗo a kwazazzabon Kihansi a Udzungwa wanda duk duniyarsa kimanin hekta 2 ce, inda feshin ruwan da ke faɗowa daga dutse yake sauka, da aka gina dam aka rage ruwan sai ya ƙare a daji, a 2009 aka sanar da haka, sai waɗanda aka kiwata a gidajen zu na Amurka ne aka dawo da su daga baya. Ina kawo shi ne don ka ga abin da ƙaramin mazauni yake nufi, abu ɗaya in ya taɓa wurin ya taɓa kowa.

Kuma abin ya taɓa tsakar Kimboza, ta hanyar da ta fi ba ni haushi. Wajen ƙarshen 2004 masu kiwon dabbobi masu jan ciki a Turai da Amurka suka gano ta, kalar nan ta ja hankalinsu, kasuwa ta buɗe. Binciken 2012 da na ambata ya ƙiyasta cewa daga Disamba 2004 zuwa Yuli 2009 an kwashe tsakanin 32,000 da 42,000, aƙalla kashi 15 cikin 100 na duk waɗanda ke akwai, kuma wannan lissafin rukuni ɗaya ne na masu kamu. A lokacin an ƙiyasta manyan da suka rage a Kimboza kusan 150,000. Na san zaka ce ai da yawa, kuma a ido haka ne, amma ka tuna dukkansu a filin ƙwallo 100 suke, kuma ka ji yadda ake kamun: tunda ba a iya sa hannu cikin ƙaya a ciro ta daga lungu, sai a sare bishiyar ko a datse kanta a yar a ƙasa a bi ganye ɗaya-ɗaya ana ɓarewa. Don a kama uku ko huɗu an rushe gidan da ya ɗauki shekaru yana girma, ƙwan da ke manne ya lalace, waɗanda suka tsere ba su da inda za su koma don bishiyar gaba tana da mai ita. Su mutanen ƙauyen da ake sawa kamun abin da ake ba su ɗan kaɗan ne, ribar tana can wurin dillalai, ni ban ga laifin talakan da aka nuna masa kuɗi a kan abin da yake gani kullum a bayan gonarsa kamar yadda nake ganin laifin mai saye ba. Ba a taɓa ba da izinin kama ta a cikin gandun ba, don haka sai a rubuta sunan wata tsakar daban a takardun fitarwa, ma'aikacin filin jirgi kuma ba lallai ya iya bambancewa ba, balle mata da ƙanana da ba su da bulun. Da yawa a hanya suke mutuwa. A 2015 jami'an kan iyaka a filin jirgin Heathrow na Landan sun kama guda 165 a kaya ɗaya.

A 2012 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa ta a matakin da daga shi sai ƙarewa a daji. A taron yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran daji da ke cikin haɗari, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa ta a rukuni na ɗaya, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, dokar ta fara aiki a Janairu 2017. Wannan ya rage kamun sosai, kuma ya taimaka cewa tana haihuwa a akwatin gilashi, masu kiwo a Turai suna samun 'ya'ya ba sai an je daji ba.

Sai dai a ganina yanzu ba masu kamun ne babbar matsalar ba, wata bishiya ce. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka kawo wata bishiyar katako daga nahiyar Amurka mai suna Cedrela odorata aka shuka a Kimboza, da kyakkyawar niyya, don a samu katako a rage saran na asali. Dangin maɗaci ce da darbejiya, kuma in ka ga yadda darbejiya, wadda ita ma baƙuwa ce daga Indiya, take tsirowa ko'ina a garuruwanmu ba wanda ya shuka ta, zaka gane halin. Ita Cedrela 'ya'yanta masu fuka-fuki ne iska ke ɗauka, tana saurin girma, kuma duk inda aka samu fili a daji, ko bishiya ta faɗi ko wuta ta ci, ita take riga kowa tsirowa, ta yi sama ta mamaye wurin da bishiyar tsakar za ta sake fitowa. Wutar kuwa daga gonakin gefe take shigowa lokacin share gona da rani, wani lokacin daga mafarauta. To kaga yadda abin yake juyawa, wuta ta ci ta buɗe fili, baƙuwar ta cike filin, bishiyar tsaka ta ragu, wata shekarar a sake. Ga masu yankan katako da masu saran sandunan gini, ga masu haƙar ma'adinai a yankin, har da masu fasa shi kansa dutsen farar ƙasan da bishiyar take tsaye a kai. Masu bincike daga Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro sun haɗa kai da mutanen ƙauyukan gefen dajin suna sare Cedrela dubbai, suna share layin tare wuta, suna dasa itatuwan asali, kuma wannan shine aikin da na fi yarda da shi, don mutumin da gonarsa ke jikin dajin shi zai fara ganin hayaƙi kafin kowane jami'i. Kuma dajin ba don tsaka kaɗai ake tsare shi ba, kogin Ruvu da ke bi ta wurin daga Uluguru ya taso, shine babban ruwan shan birnin Dar es Salaam.

Batun kiwonta a nan kuwa, shawarata kar ka fara. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar CITES, duk wanda ya ce zai kawo maka ita ba tare da takardun da ke nuna a hannu aka haife ta ba, kayan sata yake sayar maka. Ko da takardun ma, dabba ce da take buƙatar laima mai yawa kullum, a fesa mata ruwa safe da yamma, da fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana da jikinta ke buƙata don ƙashinta ya yi ƙwari, da ƙananan ƙudaje da ake kiwo musamman a barbaɗa musu sinadarin kalsiyam. Ka haɗa wannan da hunturu da iska ke tsotse laimar komai, da zafin Afrilu, da wutar lantarkin da ba ta tsayawa, kwana kaɗan za ta yi maka. Ga ta da saurin tsiya da ƙanƙanta, ƙofar da tururuwa babba za ta bi ita ma za ta bi.

Tunda nasan za a tambaya, tsaka ba ta da dafi, ba wannan ba ba ta gida ba, kuma ba ta sa kuturta ko wani ciwon fata. Abin da yake gaskiya shine kashinta, kamar na kaji da sauran dabbobi masu jan ciki, yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka rufe abinci da ruwan sha daidai ne.

In kuma sha'awar ganin irinta kake, ba sai ka je Tanzaniya ba, tana da 'yan uwa a Afirka ta Yamma. Akwai Lygodactylus conraui a kurmin kudu, daga Kamaru zuwa yamma, akwai kuma Lygodactylus gutturalis a dazukan da ba su da duhu sosai, har da Najeriya. Ba su da irin bulun nan nata, ita gutturalis ma launin toka ce ko ruwan ƙasa irin na ɓawon itace, shi ya sa mutane suke wuce su suna zaton 'ya'yan ƙadangare ne. Ka samu babbar bishiya mai kaushin ɓawo da hantsi, ka tsaya taku uku daga gindinta ka bar motsi, ka zuba ido a jikin kututturen ɓangaren da rana take bugawa. In ka ga 'yar ƙaramar aba da ba ta kai yatsa ba, wadda da ka matsa sai ta zagaya bayan kututturen maimakon ta gudu ƙasa, ka ɗauki hotonta daga gefe yadda ido da yatsu da ƙarshen jela za su fito, ka rubuta garin da ranar da irin bishiyar, ka turo min mu duba wacce ce.